Yankari da Duwatsun Shere, ko Tudun Yashin Yusufari: Ina Za a Nufa da Mota a Bazara?

Ranar wata Juma'a bayan sallar isha'i ƙanena ya shigo gidana a Unguwar Dosa. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, hutun kwana biyar na samu bayan ƙaramar salla. So nake in ɗauki iyali da wani abokina mu bar gari, mu hau dutse, yara su ga namun daji da idonsu. Abokin nawa ya kafe sai Yobe, wai ya ga hoton tudun yashi a waya. Ni kuma Yankari ce a raina. Kai da ka taka duka biyun, raba mana gardama."

Na ce ya bari in kwana da maganar. Abin da na tura masa washegari shi ne wannan, sai dai na ƙara masa tsawo, don na san ba shi kaɗai ke irin wannan lissafi a Kaduna ba. A 'yan shekarun nan azumi yana ƙarewa ne daf da shigowar zafi, hutun salla da na Ista duk suna faɗowa cikin bazara, kuma lokacin ne mai aikin albashi ke samun sararin fita.

Hanyar gabas daga gadar Kawo take farawa. Ka ɗan bi titin Zariya, ka karya dama a Mararrabar Jos, ka ratsa Pambeguwa da Saminaka da Jengre, ka hau tudu ka shiga Jos. Daga can wajen kilomita 130 ne zuwa Bauchi ta Toro da Nabordo. Sai ka kama titin Gombe har Dindima, inda za ka bar babban titi ka nufi Mainamaji, ƙauyen da ƙofar Yankari take. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita 43 a tsakiyar daji. Idan aka haɗa, tafiyar ta kusa kilomita 500. Hanyar arewa kuwa kowa ya san farkonta: Zariya, sai Kano a kilomita 230, sannan Haɗeja, Nguru, Gashuwa, Yusufari. Nguru ma wajen kilomita 500 ce daga Kaduna, Yusufari ta doshi 600, daga nan kuma yawancin abin da ya rage zuwa Tulo-Tulowa ko Bulatura, inda tudun yashin suke, a kan yashi ake yin sa. Ka ga ke nan nisa ba zai raba wannan gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne watan da za a yi tafiyar, domin zafin nan guda ɗaya da ke tara dabbobi wuri ɗaya a Yankari, shi ne ke kwashe albarkar fadamun Nguru, ya mai da yashin Yusufari kamar kaskon tuya.

Bari in fara da Yankari, tunda ita na fi sani. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alƙaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamba na 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyarsa, kuma shi ne sirrin wurin. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu tafkuna da ƙoramun daji duk sun ƙafe, ciyawa ta bushe ko ta ƙone, itatuwa da yawa sun zubar da ganye. Gaji kuwa ba ya yankewa, saboda maɓuɓɓugan ruwa ne ke ciyar da shi. Dole duk mai rai a dajin ya gangaro bakinsa, ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, har da giwa. Ido kuma yana kai wa nesa, tunda babu duhuwar da za ta tare shi.

Sau uku na je. Zuwana na farko a ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mota tsawo, muka yi awa biyu muna zagaye ba mu ga komai ba sai birai da tsuntsaye, ƙudan tsando yana ta cizonmu ta cikin riga. Zuwan ƙarshe kuwa a makon ƙarshe na Maris ne. Mun fita da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba. Can sai ɗan rakiyarmu ya buga jikin mota, direba ya tsaya. Ya nuna mana kashin giwa a tsakiyar hanya, ɗanye, har yana tururi, ga rassan itace a karye a gefe, ɓawonsu fari sol. Ya rage murya ya ce, "Malam, a yi shiru, ba su yi nisa ba." Ba mu yi minti goma ba muka ji ƙarar karyewar itace, sai ga su suna tsallake hanya ɗaya bayan ɗaya sun nufi kogi, jikinsu duk jar ƙasa. Wata ƙarama tana tafe a ƙarƙashin cikin uwarta, hancinta yana lilo, ba ta gama sanin yadda ake sarrafa shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin ƙarar sawunsu. Dabba mai nauyin babbar mota, amma tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan katifa. Na juya na ga 'yata ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na zubo mata.

Ba zan yi wa kowa alkawarin zai ga abin da muka gani ba. Giwayen Yankari, a ƙiyasin masu kula da su, tsakanin 100 ne zuwa 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya. Daji mai wannan faɗi yana iya ɓoye su kwana da kwanaki. Zaki kuwa 'yan kaɗan ne suka saura, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a. Amma idan akwai lokacin da rabon mutum ya fi kusa, to bazara ce, kuma fita biyu ko uku, safe da yamma, ta fi fita ɗaya nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake cewa a kwana biyu a ciki.

A masaukin kansa akwai waɗanda ba sai an nema ba. Gadu yana yawo tsakanin ɗakuna, ya durƙusa da gwiwoyin gaba yana kiwo. Gwaggon biri kuwa sai an yi hattara da shi ƙwarai. Ya san leda, ya san kular abinci, yana buɗe ƙofar mota idan ba a kulle ba, kuma ba ya shakkar yaro ko mace. A ja wa yara kunne kada su riƙe abinci a fili, kada kuma su miƙa masa komai.

Sai ruwan Wikki. Yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, lita miliyan 21 a kowace rana, kuma ɗuminsa bai canzawa, digiri 31 rani da damina, dare da rana. Da hunturu ɗumi za ka ji. Da bazara, lokacin da iskar waje ta kai 38 ko ta wuce, ruwan nan sanyaya jiki yake yi. Garau yake, kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye babba, can ƙasa kuma akwai inda yaro zai tsaya. Ga mai iyali ina ba da shawarar a sauka da sassafe bayan an dawo daga zagayen farko ko kafin a fita, saboda a ranakun hutu wurin yana cika da jama'a maza da mata, kuma ba kowace uwargida ce za ta sake a cikin taro ba. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey 139, da tudun Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai. Duk waɗannan ba a zuwa sai da ma'aikacin gandu, kuma tafiyar ƙafar da ke cikinsu kaɗan ce. Wanda hawan dutse ya fito da shi daga gida, a Jos zai biya buƙatarsa.

Garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga matakin teku, duwatsun Shere kuma suna gabas da shi, wajen kilomita goma, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Wannan tsayi shi ne rahamar wurin a bazara. Ranar da mutanen Bauchi ke neman inuwa ido rufe, a Shere iska ce ke kaɗa riga. Hawan na gaske ne. Manyan duwatsu ne a jere kan juna, wani wurin ka bi ta tsaga, wani wurin ka dafa da hannu ka ja jiki, cinya ta yi tsami, numfashi ya yi sama. A gindin duwatsun akwai makarantar horon shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda ta daɗe tana kai ɗalibai da ma'aikata saman, don haka samun wanda ya san hanya ba ya wuya. Kada a hau ba jagora, ko da an ga kamar hanyar a fili take, domin saukowa ce ke ɓatar da mutum, duwatsun duk kama ɗaya suke yi. Daga sama za ka hango garin Jos a shimfiɗe, da madatsar ruwan Lamingo, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, da ƙauyuka masu shingen ƙerana. Yaro ɗan shekara goma mai lafiya zai iya kai wa wani mataki, ba lallai sai ƙololuwa ba.

A fara hawa da an idar da sallar asuba, a sauko kafin sha ɗaya. A Filato ruwan fari yana iya sauka tun cikin Afrilu, yawanci da yamma, da tsawa, kuma jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi kamar an shafa sabulu. Takalmi mai taushin ƙasa da ke kama dutse ake so, silifa da takalmin fata a bar su a mota. Idan an sami yammaci a gari, a kai yara gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Kawunan yumɓun Nok da ke ciki daga kudancin jiharmu aka fara tono irinsu a 1928, kuma abin takaici ne yaron Kaduna ya girma bai taɓa ganin su ba.

Yanzu hanyar arewa. Zan faɗi gaskiya, ita ce ta fi kama zuciyata, kuma ita ce nake hana ƙanena a wannan wata.

Duwatsun da ke kan hanyar gajeru ne. Kufena a Zariya da Dala a Kano hawan rabin awa ne ko ƙasa da haka, tarihinsu ya fi tsayinsu. Abin da ake zuwa nema yana gaba da Haɗeja, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su nufi tafkin Chadi. An sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Kusa da Gashuwa akwai Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa da Yarima Filip na Ingila ya ziyarta a 1989, kuma tana cikin gandun ƙasa na yankin tafkin Chadi, tare da dausayoyin Bulatura a Yusufari. Dubban tsuntsaye ne ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Suna isowa wajen Oktoba da Nuwamba, su juya gida cikin Maris. Wanda ya je a Afrilu zai tarar baƙin sun tafi, ruwan ya ja baya, ya bar busasshiyar laka mai tsage-tsage. Zai ga 'yan gida, dinya da zalɓe da balbela, a sauran kududdufai, wataƙila da shamuwar farko a kan kuka. Abin da kyau, amma bai kai a yi masa kilomita 500 da yara a mota ba. Ga shi dama ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Tudun yashin kuwa a watan Janairu na gan su, kuma har yau idan na rufe ido ina ganin su. Mun kwana a Gashuwa, muka tashi da duhu a motar wani direba ɗan yankin. Da muka bar kwalta ya tsaya ya rage iskar tayoyi, daga nan babu titi babu alama, sawun motoci ne kawai suke rabuwa suna haɗuwa a tsakanin tumfafiya da kaba. Muka isa rana tana ɓullowa. Na cire takalmi na fara hawa, yashin sanyi ƙalau kamar ruwan randa, ka ɗaga ƙafa ka taka ta zame ta dawo da kai rabin inda ka baro. Tudun ba su da tsayin dutse, cikin 'yan mintuna ka kai sama, amma ƙirjinka zai gaya maka ka yi aiki. Daga can sama yashi ne ja-ja yana hawa yana sauka har iyakar gani, iska ta zana masa layi-layi. A cikin kwari kuma, kamar an ajiye da hannu, ga dabino da goruba kore shar, ga farar kanwa ta kwanta a bakin ruwa, ga raƙuma ana ɗora musu kaya. Ban taɓa zaton akwai irin wannan wuri a ƙasar nan ba.

Muna saukowa muka gamu da wani dattijo da jakinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, Allah ya yi muku kyakkyawan wuri." Ya dube ni ya dubi tudun, ya ce, "Ɗana, inda ka sauko ɗin nan gonar geron mahaifina ce. Da ƙuruciyata na yi noma a cikinta." Daga ranar na daina kallon tudun nan a matsayin abin ɗaukar hoto kawai. Tafiya suke yi, kowace shekara iskar arewa maso gabas tana tura su, suna binne gonaki da rijiyoyi da gidaje. Shirin katangar bishiyoyi da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007 saboda irin waɗannan wurare aka yi shi. Duk wanda zai je, ya fara sauka wurin bulama ko lawani ya gabatar da kansa, ya riƙe ɗan goro ko sukari, kada kuma ya ɗaga waya a fuskar matan mutane da 'ya'yansu ba izini.

Wannan Janairu ke nan. Afrilun yankin ma na ɗanɗana shi, wata shekara da muka je ta'aziyya Gashuwa. Tun ƙarfe goma na safe sitiyari ba ya riƙuwa sai da ƙyalle. Ruwan jarka ya yi zafin da za a iya haɗa shayi da shi. Tsakanin Nguru da Gashuwa lagireto ya tafasa, muka raɓe a gindin wata aduwa mai inuwa kamar rariya, fiye da awa ɗaya muna jiran inji ya huce, iska tana bugun fuska kamar daga bakin tanda. A wannan wata zafi a can yana haura digiri 40 kusan kullum. A kan kwalta ke nan, inda motoci ke wucewa. A cikin yashi, inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa kuma babu inuwa, irin wannan tsayuwa da ƙananan yara ba abin gwadawa ba ce. Yashin da na taka da ƙafa a Janairu, a Afrilu kafin ƙarfe tara ya fara ƙona tafin ƙafa. Lokacin ne kuma na sanƙarau da guguwar ƙura. Mutanen wurin suna rayuwa a haka, sun san lokacin fita da na fakewa, jikinsu ya saba. Baƙon da ya taso daga Kaduna a mota mai sanyi bai saba ba.

Maganar mota ma ta bambanta. Zuwa Wikki kwalta ce har ƙofar ɗaki, ko da akwai ramuka a wasu wurare, musamman tsakanin Pambeguwa da Jengre. Corolla ko Sienna mai lafiya za ta kai ka ta dawo da kai, zagayen daji kuma a motar gandun ake yi. A Yusufari dole ka ajiye motarka ka ɗauki hayar mai fowil irin su Hilux, da direban da ya san ƙasar, kuma wannan haya ita ce za ta fi cin kuɗi a duk tafiyar. Man fetur kusan ɗaya ne: je ka dawo wajen kilomita 1,000 zuwa 1,200, motar da ke shan lita ɗaya a kilomita goma za ta buƙaci lita 100 zuwa 120, ka ƙara kaɗan saboda na'urar sanyi. Ko ina aka zaɓa, a sa bakanike ya duba lagireto da fanbel da birki, a canza baƙin mai, a tabbatar safayar taya tana da iska kuma jak yana aiki. Tsohuwar taya da zafin kwaltar Afrilu ba sa shiri. Ruwan sha a lissafa lita huɗu zuwa biyar ga kowane babba a rana, da jarka guda daban ta mota, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis.

Masauki da abinci ba su buƙatar dogon bayani. Jos da Bauchi cike suke da otal, a Wikki akwai ɗakuna amma a kama tun da wuri idan hutun salla ko Ista ne, a riƙe tocila da abin cajin waya. Nguru da Gashuwa suna da ƙananan masaukai, a wurin tudun kuwa babu, sai gidan mutane. A gabas za ka ci masar Bauchi, ka cika but da dankalin Turawa da kabeji a Jos. A arewa bandar kifin Gashuwa da Haɗeja ita ce tsarabar da ba a dawowa babu ita.

Tsaro shi ne abin da ba na so a yi wa kwaskwarima. Da lafiya lau ake, da gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ke cikin jiharmu, shi zan fara ambata. Shekarun da 'yan bindiga suka yi a dajin sun hana, kuma duk da sulhun ƙarshen 2024 da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, ni ban kai ga tura iyali yawon buɗe ido can ba. Hanyar gabas tana da nata. Rikicin Filato yakan tashi ba sallama, kuma mutanen Kaduna ba su manta matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba a 2021 da 'yan ɗaurin auren Zariya da aka kashe a Mangu a 2025 ba. An kuma sha samun hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alƙaleri da ke gefen daji. A arewa, titin Kano zuwa Haɗeja da Nguru yana cikin masu kwanciyar hankali, amma Yusufari tana kan iyaka da Nijar, kuma gabas da ita, wajen Gaidam da Yunusari, an sha fama da 'yan Boko Haram. Bambancin a wurina shi ne, a gabas kana kan babban titi mai motoci da shingayen jami'ai, a cikin yashi kuwa kai kaɗai ne da direbanka. Ƙa'idar duka biyun ɗaya ce. Kada magariba ta same ka a hanya, kada ka bi ratse don taswirar waya ta ce ya fi kusa, ka tsaya kan babban titi. Kwana ɗaya kafin tashi ka kira wanda ke zaune a garin, ka kuma leƙa tashar Kawo ka tambayi direbobin da suka shigo ranar. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Akwai wanda zan ce masa ya tafi arewar duk da haka. Idan manya ne zalla, ba yara ba tsofaffi, suna da mai masauki a Gashuwa ko Yusufari, kuma hutun nasu ya faɗo a farkon Maris kafin zafi ya kankama, to za su iya samun sauran tsuntsaye a Dagona, su hau yashi da asuba su bar wurin kafin tara. Ɗalibin labarin ƙasa ko mai aikin dashen itatuwa da ke son ganin hamada a lokacin da ta fi tsanani, shi ma yana da dalilinsa. Ban da waɗannan, Disamba da Janairu ne watannin Yusufari, da rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu.

Ga ƙanena kuwa ga yadda na tsara masa kwana biyar ɗin. Ranar farko su bar Kaduna da hantsi, su yi azahar a Jos, yamma a gidan tarihi. Rana ta biyu Shere da asuba, su kama hanya kafin sha biyu, su wuce Bauchi ba tsayawa sai shan mai, su shiga ƙofar Mainamaji da la'asar. Kwana biyu a Wikki. Rana ta huɗu su fito da safe, su ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, sannan maimakon su koma ta Jos su bi titin Ningi zuwa Birnin Kudu, su kwana a Dutse. Wannan zagaye ya fi tsawo da kilomita ɗari da wani abu, amma yana da riba. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Dutse kuma ga duwatsu ga dabino, abokin nasa zai ɗan shaƙi iskar arewar da yake marmari. Rana ta biyar Wudil, Kano, Zariya, gida kafin magariba.

Da yamma sai ga shi ya zo da abokin. Bayan gaisuwa abokin ya ce, "Yaya, na karanta. Amma fa yashin nan yana raina." Na ce ni ma yana nawa, kuma idan Allah ya kai mu Disamba da ni za a je, na san wanda zai sauke mu a Gashuwa. Ya ciro waya ya rubuta watan. Shekaranjiya da na bi ta Kurmin Mashi na hango motar ƙanena a garejin bakanike, an ɗaga bonet, an cire lagireto ana wankewa, yaransa biyu suna tsaye a gefe suna gardamar wanda zai fara ganin giwa.